Jinin Inna Ya Koma, Maganarta Ba Ta Dawo Ba

Inna ba ta son tafiya. In na ce ta zo Daura ta yi mana kwana biyu, sai ta ce wa zai soya mata gyaɗa, sai ka ce daga Zango zuwa Daura wata uwa duniya ce. Ta fi shekara talatin tana sana'ar mai da ƙuli-ƙuli, har gidanmu ya zama da shi ake kwatance a unguwa. Mace ce mai magana, irin maganar nan mai gishiri, wadda za ta yi maka faɗa da safe, sai da rana ka tuna ka kama dariya kai kaɗai. Matan unguwa in sun saɓa wurinta suke zuwa, tana murza tunkuza tana raba musu gardama. Baba kuwa manomi ne mai shiru. Yakan ce shi tun da ya aure ta ya bar mata maganar gidan, ta yi tata ta yi tasa.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ina yaro "kai wannan" take ce mini. Da na fara koyar da lissafi a wata sakandare a Daura, sai ta koma "Malam", Baba ma ya bi ta.

Autarmu tana aure a Abuja, mijinta ma'aikacin asibiti ne a sashen ɗaukar hoto. Da haihuwarta ta fari ta zo, aiki aka yi mata aka ciro yaron, likita ya hana ta doguwar tafiya. Ba halin ta zo gida wanka, dole Inna ta je. Ni na kai ta tasha a Daura, da bazara, da galan ɗin mai da ƙullin daddawa da kanwar kunu. Tana cikin mota na leƙa ta taga na ce, "Inna, kin ɗauko maganin hawan jininki?"

Ta ce, "Ya ƙare tun watan jiya. Ni lafiyata lau, Malam. Mai ciwo ke shan magani."

Akwai kantin magani a bakin tashar, daga inda nake tsaye ina hangen shi. Amma mota ta cika, direba na ta danna oda. Na ce a raina zan gaya wa ƙanwata ta saya mata a can. Ban gaya mata ba. Mantawa na yi.

Kwana goma sha biyu da tafiyarta, ina cikin aji da hantsi, wayata ta yi ta rawa a aljihu har na fita na ɗauka. Ƙanwata ce, muryarta kamar ba tata ba.

"Yaya, Inna ta faɗi. Ba ta magana."

Daga baya na ji yadda abin ya faru. Bayan sallar asuba Inna ta dafa ruwa, ta yi wa jariri wanka, ta ce za ta ɗan kishingiɗa. Ƙanwata ita ma barci ya ɗauke ta. Da ta farka rana ta ɗaga, ta leƙa ɗakin, ta tarar da Inna a ƙasa gefen gado, ido buɗe, baki ya karkace, hannun dama ya zube kamar tsumma. Ba wanda ya san tun yaushe take nan. Mijin ƙanwata yana gani ya gane shanyewar ɓarin jiki ce, bai tsaya komai ba ya ɗauke ta zuwa asibitin da yake aiki, wanda aka ce yana cikin 'yan kaɗan da ke iya irin aikin da aka yi mata.

Na kira Baba na ce Inna ba ta jin daɗi, zan je in duba ta. Ya ce Allah ya tsare hanya. Na bi ta Kazaure da Kano da Zariya, magariba ta yi mini a Kaduna, na kwana can. Washegari da safe na isa.

Likitar da ta yi aikin mace ce, ba za ta wuce sa'ata ba, Hausarta irin ta mutanen Bauci. Ta zaunar da ni da mijin ƙanwata a wani ɗan ofis, ta juyo mana da allon kwamfuta.

Ta ce, "Malam, gudan jini ne ya taso, muna kyautata zaton daga zuciya, don bugunta ba daidai yake tafiya ba. Ya je ya toshe babbar jijiyar da ke kai jini ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Mun zura siririn bututu ta jijiyar da ke saman cinyarta, muka bi da shi har cikin kai, muka ciro gudan. Sau biyu muka gwada kafin ya fito. In mun gama mukan tura wani ruwa da hoto ke iya gani, mu ga iya inda ya kai. Ga na farko, kafin aiki."

Na ga wani baƙin layi mai kauri ya taso ya lanƙwasa, sai ya tsaya cak kamar an sare shi da gatari. Gabansa fili ne fari, ba komai. Ta danna, hoto na biyu ya fito. Layin nan ya wuce inda ya tsaya, ya rabu biyu, biyun suka rabu, suka yi ta rabuwa har suka cika filin, kamar rassan kuka da rani. Ban taɓa ganin abin da ya faranta mini rai irin wannan hoton ba.

Ta ce suna da ma'auni da suke auna komawar jinin, daga sifili zuwa uku. Sifili, ba abin da ke wucewa. Ɗaya, ya ɗan ratsa amma bai je ko'ina ba. Biyu, ya cika wani sashe ya bar wani, shi ma hawa-hawa ne. Uku, ya koma ko'ina.

"Mahaifiyarku ta shigo a sifili, ta fita a uku."

Ni malamin lissafi ne. Shekara da shekaru ina riƙe da jan biro, na san abin da uku bisa uku ke nufi. Na ji ta ci gaba da magana, tana cewa wannan ma'aunin buɗewar jijiya kawai yake nunawa, bai faɗi yawan abin da ya lalace kafin a buɗe ta ba, kuma sai nan da wata uku za a san inda jikinta zai tsaya. Kunnena ya ji, amma zuciyata ta riga ta fita waje da lambar. Na roƙi izini na ɗauki hotunan biyu da wayata.

A barandar asibitin na kira Baba.

"Baba, an dace. Jini ya koma duka. Uku bisa uku likita ta ce."

"Me ke nan?"

"Ke nan za ta warke sarai, ta dawo kamar da."

Na ji kukan akuya a bayansa. Can ya ce, "Alhamdu lillahi. Ta yi magana?"

Na ce, "Barci take, magani ne bai sake ta ba."

Ba barci take ba. Na riga na shiga na gan ta. Idonta biyu, kuma ta gane ni, don da na durƙusa na gaishe ta, ta ɗaga hannun hagu ta kama mini wuyan riga. Leɓɓanta suka yi ta motsi, wuyanta ya yi ta ƙoƙari, ba abin da ya fito sai iska. Ta sake ni ta juyar da kai bango.

A rana ta huɗu ta ce, "Sannu." Ƙanwata ce ta kawo mata kunu, sai kalmar ta fito tsaf. Muka yi ta murna, na sake kiran Baba na ce ta fara magana. Kafin mako ya zagayo muka gane ita ke nan. In tana jin ƙishi, sannu. In an juya ta an taɓa inda ke mata ciwo, sannu. In ranta ya ɓaci ta yi ta maimaita ta da ƙarfi, hawaye na zuba, ma'aikatan jinya na amsa mata da yawwa Mama.

Bayan mako uku aka sallame mu, da keken guragu da jakar magunguna. Likita ta ja mini kunne a kan guda ɗaya, mai tsinka jini. Ta ce kada a fasa ba ta, kuma kada a bari kowa ya yanke ta ko ya tsaga mata fata, don jinin ba zai tsaya da wuri ba.

Mun iso Zango da la'asar, an yi ruwan farko ana shirin shuka. Abin da na tarar a gida har yau ban manta da shi ba. Baba ya sa an yi wa ɗakinta sabon yaɓe. Ya fito da gyaɗar da ya ajiye, ya sa an ɓare ta, buhu biyu jingine a rumfa, kusa da kaskon suya da aka wanke aka kife. Ya gaya wa kowa abin da na gaya masa. Matan unguwa sun cika tsakar gida, wata har ta fara guɗa da ta ji tsayuwar mota. Sai muka shigo da Inna a keke, kanta ya ɗan karkata, hannun dama kwance a cinya. Guɗar ta mutu a tsakiya.

Inna ta dubi matan, ta dubi buhunan, ta ce, "Sannu. Sannu." Wasu suka amsa. Wasu suka ja mayafi suka rufe fuska.

Baba ya kama keken da kansa ya tura ta ɗaki, ya gyara mata filo. Sai da mutane suka ragu ya same ni a zaure.

"Malam, ba ka ce jini ya koma ba?"

"Ya koma, Baba." Na fito da waya zan nuna masa hoton.

Bai duba ba. Ya ce, "To ita fa?"

Ya ɗauki butarsa ya fita.

A makon nan dangi suka yi ta zuwa, kowa da maganinsa. Goggona, yayar Baba, ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, iska ce ta buge ta a baƙon wuri, kuma mugun jini ne ya taru a kafaɗar, sai an yi ƙaho. Wata safiya sai ga ta da wanzami har ƙofar ɗaki. Ina makaranta a lokacin, matar maƙwabcinmu ce ta ba ni labari. Ta ce Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce rubutu a kawo, tofi a yi, addu'a kowa ya yi, amma aska ba za ta taɓa ta ba. Goggo ta ce yaro ya juya masa kai da boko. Ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, matata ce." Maƙwabciyar ta ce tun da aka kawo ta unguwar ba ta taɓa jin muryarsa ta kai haka ba.

Sau biyu a mako nakan aro motar wani abokin aikina in ɗauko ta zuwa asibiti a Daura, wurin gashin ƙashi. Mai gashin dattijo ne mai haƙuri. Yakan lanƙwasa ƙafar ya miƙe, ya sa ta tura tafinsa, ya tsayar da ita tsakanin ƙarafa biyu. Baba ba ya fashin zuwa, ko da ranar noma ce. Yakan tsaya yana kallon hannun mutumin kamar mai koyon sana'a, in mun koma gida ya yi mata safe da yamma. Ya zauna a kan tabarma, ya ɗora hannunta a gwiwarsa, ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, su kuma su sake dunƙulewa.

A nan ne na fara jin Baba yana hira. Mai gashi ya ce a riƙa yi mata magana da yawa, shi kuwa ya ɗauki abin kamar umarni. Yana murza yatsun yana ba ta labarin gona, wa ya yi shuka wa bai yi ba, tunkiyar wa ta haihu, me aka ce a masallaci. Bai iya ba da labari ba, yakan fara daga ƙarshe ya dawo farko. Wani lokaci da gangan yake kuskure, ya ce 'yar wance aka kai Dutsi, alhali Mashi aka kai ta. Sai Inna ta buge shi da hannun hagu ta ce, "Sannu!" da fushi. Shi kuma ya yi dariya ya ce, "To, to, Mashi ne. Ashe kina ji."

Akwai abin da ya fi ba mu mamaki, ya kuma fi ba mu tausayi. In Baba ya zauna kusa da ita yana karatun salla a bayyane, sai ta bi shi, kalma bayan kalma, daga farko har ƙarshe, ba tuntuɓe. Salati ma haka. Ranar da na fara ji na tsaya a bakin ƙofa, na ce a raina shi ke nan ta dawo. Ana shafa addu'a na shiga na ce, "Inna, me kike so a dafa?" Ta buɗe baki, ta yi ƙoƙari, ta ce, "Sannu." Mai gashi ya ce ya sha ganin haka. Abin da baki ya saba da shi tun yarinta ba wuri ɗaya yake zaune da maganar yau da kullum ba.

Wata uku cif, ana tsakiyar damina, likitar Abuja ta kira ni da kanta. Ina Zango ranar, na fita bayan gida na tsaya gindin darbejiya. Ta ce tambayoyi za ta yi mini, in faɗi gaskiya ba abin da nake fata ba. Tana tafiya ita kaɗai? Na ce sai an riƙe ta. Tana iya wanka da kanta? A'a. Bayan gida fa? Sai an kai ta. Tana ci da kanta? Da hagu, in an yanka mata. Za a iya barin ta ita kaɗai yini guda? Na ce ko awa biyu ba ma yi.

Ta ce wannan wani ma'aunin ne daban, na yadda mutum ya koma rayuwarsa. Daga sifili yake zuwa shida, amma a nan ƙaramar lamba ake so. Sifili garau ke nan, shida kuwa rasuwa. Ta ce Inna tana huɗu.

Na ce, "Likita, ke kika ce mini uku bisa uku."

Ta ce, "Na faɗa, kuma gaskiya ne. Jijiyar ta buɗe, har yanzu ina sa ran a buɗe take. Amma ƙwaƙwalwa ba ta iya dogon jira. Inda ya riga ya mutu kafin jinin ya iso, ko ya iso ba abin da zai tayar. Kuma akwai ƙananan jijiyoyi da hotonmu ba ya gani, wani lokaci babbar ta buɗe su ba su buɗe ba. Ba ita kaɗai ba ce, Malam. Mukan yi aiki ya yi kyau a hoto, mutum bai tashi yadda muke so ba. Mu ma yana damun mu."

Na ce to me aikin ya amfana.

Ta ce, "Da ba a buɗe ba, ina jin da ɓarnar ta fi haka faɗi. Wataƙila da ba ta gane ku, wataƙila da ba ta kai yau ba. Ba zan iya rantse maka ba. Amma ka ce tana ji, tana fushi, tana salla."

Sai na yi tambayar da ta yi wata uku tana ci na. Na gaya mata zancen tasha da kantin magani. Ta ce maganin yana rage haɗari, amma ba ta isa ta ce da zai hana ba, tun da matsalar bugun zuciyar ba wanda ya san da ita. Sannan ta ce, "Ƙanwarka ma ta zo ta same ni. Ita tambayarta, da ba ta yi barci ba fa. Ku yi magana da juna."

Ban san ƙanwata na ɗauke da wannan ba. Na kira ta a ranar. Na fara gaya mata nawa, ban kai ƙarshe ba ta fashe da kuka, ta ce ita tun ranar ba ta ƙara yin barcin safe ba, ko yaron ya hana ta runtsawa. Ta ce tana tsoron zuwa gida kada Inna ta dube ta. Muka daɗe a waya. Ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa ba laifinka ba ne. Na ce mata dai ta zo, ta ce za ta zo, kuma ta zo da kaka.

Saura Baba. Na same shi a gona yana maimai, gero ya kai gwiwa. Na karɓi fartanya na nome kunya biyu, numfashina ya ƙare, muka zauna a inuwar gawo.

Na ce, "Baba, na yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Likita ta gaya mini kada in yi saurin murna, ban saurara ba. Ka yafe mini."

Ya ce, "Ai na sani tun ranar."

"Ta yaya?"

"Na ce ta yi magana, ka ce barci take. Uwarku ko a barci magana take yi."

Na ce to don me ya sa aka ɓare gyaɗa.

Ya tsinki ciyawa yana murzawa. Ya ce, "Na ji ka yarda. Ni ma ina so in yarda."

Haka muka shiga shekara ta biyu. Ƙafar ta ɗan samu, har ta kai tana dogara sanda mai ƙafa uku daga ɗaki zuwa rumfa, Baba na biye da ita hannu a buɗe. Hannun dama bai dawo ba. Ta ƙara kalma biyu, "a'a" da "ruwa", su ma ba kullum suke zuwa ba. Sana'ar mai ta koma gidan maƙwabciyarmu, wadda a hannun Inna ta koya. Ranar suya ƙamshi yakan tsallako katanga, sai Inna ta nuna a mayar da ita ɗaki. Matan da ke kawo mata ƙara suka daina. Suna zuwa gaisuwa, su zauna su yi ta magana a kanta kamar ba ta wurin, ita kuwa tana bin bakin kowa da ido.

Dukanmu Inna muke tsaro. Ba wanda ya kula Baba na ramewa. Da kakar shekarar ya yanke geronsa, aka ɗaure, aka kwaso dammuna aka jibge a bayan gida kafin a zuba a rumbu. Sai zazzaɓi ya kama shi. Ya ce na kaka ne, zai wuce. Kwana biyu yana kwance, a na uku na ɗauke shi zuwa Daura, a na biyar da hantsi ya cika.

Ni na shiga gaya mata. Tana zaune bakin gado, an yi mata wanka an ɗaura mata kallabi. Na durƙusa, na rasa ta inda zan fara. Ta dube ni, ta dubi ƙofa bayana inda ya saba shigowa, ta sake duba na. Na ce, "Inna, sai haƙuri." Ko kalmar tata ba ta fito ba. Ta sa hannun hagu ta ɗauko na dama, ta ɗora a cinya ta riƙe. Da aka kawo shi aka shirya shi, muka tura ta a keke ta yi masa addu'a. Liman ya fara, ta bi shi har ƙarshe da murya sarai, mutanen da ba su taɓa jin haka ba suka yi ta kallon juna.

Kwana takwas da rasuwar, baƙi sun watse, na sa a zo a zuba geron a rumbu don zan koma aiki. Masu aikin sun fara ɗauka sai muka ji ta daga rumfa tana buga sanda a ƙasa. "A'a! A'a!" Na zo na ce me ya faru. Ta nuna bayan gida. Na ce a bar geron a waje? A'a. A sayar? A'a. A kai wa Goggo? Ta harare ni. Ƙanwata ta ce ko rumbun ne ke yoyo, aka hau aka duba, lafiya lau. Aka kawo ruwa, ta ture. Muka yi ta jefa tambaya tana ƙi, gumi ya jiƙa mata kallabi, har ta fara kuka don takaici. Na sallami masu aikin na ce su dawo bayan azahar.

Da ta huta sai ta kama sandarta ta miƙe. Muka riƙe ta, ta ja ƙafa har bayan gida, tafiyar da ba ta taɓa yi ba tun da ta kwanta. Ta tsaya gaban tarin. Ta ɗora bakin sanda a kan dami ɗaya, ta matsa na gaba, ta matsa na gaba, tana taɓa su ɗaya-ɗaya. Da ta kai na goma sai ta tura shi gefe iya ƙarfinta, ta nuna ƙofar gida. Ta sake farawa.

Maƙwabciyarmu ce ta fara ganewa. Ta dafa ƙirji ta ce, "Zakka! Marigayi bai fitar da zakka ba ya kwanta."

Inna ta saki sandar, ta zauna a kan dami, ta rufe ido tana gyaɗa kai.

Ni da ke ɗansa na fari ban tuna ba, liman bai tambaya ba, ba wanda ya tuna. Muka kira masu aikin suka warware tarin gaba ɗaya. Aka kawo mata kujera ta zauna a inuwa, ana ƙirgawa tana kallo, duk na goma a ware shi. Sau ɗaya wani ya tsallake, ta buga sanda aka koma baya. Da aka gama na fara kiran gidajen da nake jin sun cancanta, ina faɗi tana amsawa da kai. Ta ƙi biyu, ta yarda da sauran. Akwai gidan da ban ambata ba, ta yi ta nuna gabas har ƙanwata ta tuna da wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a bakin gari, wadda ashe Baba ke kai wa kowace shekara ba mu sani ba.

Kafin la'asar aka ɗora dammunan a amalanke aka fita da su. Sauran aka zuba a rumbu aka rufe. Ta yi takabarta a ɗakinta, ƙanwata ta zauna da ita wata biyu, matata ta karɓe ta. Da ta fita na dawo da ita Daura, ɗakin da ke kusa da nawa. Gonar na ba wani ɗan'uwan Baba yana nomawa, gidan kuma na sa masa kwaɗo.